Hanyar Faransa ko ta Jamus: wacce ta fi wa ƙasashen Turai a harkar wutar lantarki?

Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na wutar lantarkinta daga nukiliya. Maƙwabciyarta Jamus kuwa ta kashe tukwanen nukiliyarta uku na ƙarshe (tukunya ita ce injin da ke samar da zafin da ake mayarwa wuta a tashar nukiliya) ranar 15 ga Afrilun 2023, ta rungumi iska da hasken rana, ta bar iskar gas da kwal suna cike gurbi. Sauran ƙasashen nahiyar, irin su Poland da Beljiyom da Sifaniya da Italiya da Holand, suna tsakiya, kowacce tana duba sawun da za ta bi. Tun da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, wannan zaɓi ya fito daga ɗakunan taron masana ya shiga takardar kuɗin wuta ta kowane gida, ya kuma shiga lissafin ma'aikatun tsaro.

Tsoro ne ya haifi hanyoyin biyu, sai dai kowa da abin da yake tsoro. Faransa ta ji jiki a 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai farashinsa ya ninka kusan sau huɗu. Ba ta da mai, kwal ɗinta kuma yana ƙarewa. A 1974 Firaminista Pierre Messmer ya sanar da shirin gina tashoshin nukiliya, aka damƙa aikin ga kamfani guda na gwamnati, wato EDF, aka riƙa maimaita zane kusan iri ɗaya daga wannan tasha zuwa waccan. Cikin shekara ashirin aka gina tukwane sama da 50. Yau 57 ne ke aiki a wurare 18.

Jamusawa kuwa nukiliyar kanta suke tsoro. Tun shekarun 1970 manoma da ɗalibai ke tare wuraren da ake son gina tashoshi, daga cikin wannan gwagwarmaya jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta fito. Hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Yukren a 1986, wanda ƙurarsa ta sauka har kudancin Jamus, ya ƙara wa wutar fetur. A shekarar 2000 gwamnatin Gerhard Schröder ta yi abu biyu: ta daidaita da kamfanoni kan rufe tashoshin a hankali, ta kuma kafa dokar da ta ba duk mai samar da wuta daga rana ko iska tabbacin farashi na tsawon shekara 20. Angela Merkel ta ƙara wa tashoshin wa'adi a 2010, amma da hatsarin Fukushima ya auku a Japan a Maris ɗin 2011 sai ta yi mi'ara koma baya. Nan take aka rufe tukwane 8 cikin 17, aka yanka wa sauran ranar mutuwa.

Idan hayaƙin da ke ɗumama duniya ne ma'auni, babu wata doguwar gardama. Kowane kilowat-awa na wutar Faransa yana fitar da hayaƙin kabon da bai kai giram 60 ba, a 'yan shekarun nan ma ƙasa da haka sosai. Na Jamus ya haura giram 300. Wannan kuwa bayan ta kashe maƙudan kuɗi shekara ashirin da ɗoriya, har makamashin da ake sabuntawa, irin su iska da rana, ya zarce rabin wutar da take sha tun 2023. Dalilin a bayyane yake: wani kaso mai tsoka na sabuwar wutar iska da rana ya tafi ne wajen maye gurbin nukiliya, wadda dama ba ta hayaƙi, alhali kwal na nan yana ci. Doka ta ba kwal har zuwa 2038. A Janairun 2023, wata uku kafin a kashe tukwanen ƙarshe, 'yan sanda suna can suna fitar da masu zanga-zanga daga ƙauyen Lützerath domin kamfanin RWE ya faɗaɗa ramin haƙar kwal mai ruwan ƙasa, wanda ya fi kowane iri ƙazanta. Da an fara da rufe kwal an bar nukiliya zuwa ƙarshe, da lissafin hayaƙin Jamus ya sha bamban da na yau. A ganina wannan jerin shi ne babban kuskuren, ya fi duk wani abin da ake zargin iska da rana da shi.

Maganar tsaro ce ta fi sarƙaƙiya, domin a shekara guda, 2022, asirin ƙasashen biyu ya tonu.

Jamus ta gina tsarinta bisa zaton cewa gas mai araha daga Rasha zai riƙe ta har iska da rana su kankama. Bututun Nord Stream, wanda ya bi ta ƙarƙashin tekun Baltic kai tsaye daga Rasha, ya fara aiki a 2011, shekarar da aka yanke wa nukiliya hukunci. Zuwa 2021 kusan kashi 55 cikin ɗari na gas ɗin da Jamus ke shigowa da shi daga Rasha yake. Poland da ƙasashen Baltic sun yi ta gargaɗi, musamman bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, amma Berlin ta ci gaba har da shimfiɗa bututu na biyu. Shi kansa Schröder, bayan ya sauka daga mulki, kujera ya samu a kamfanin bututun. Tashar sauke gas na jirgin ruwa kuwa, ko ɗaya Jamus ba ta da ita. Da yaƙi ya ɓarke, Gazprom, kamfanin gas na Rasha, ya fara rage gas a watan Yuni, ya rufe famfo gaba ɗaya a ƙarshen Agusta, sannan ranar 26 ga Satumba abubuwa suka fashe a jikin bututan kusa da tsibirin Bornholm. Farashin gas a kasuwar Holand, wadda Turai ke auna farashi da ita, ya haura yuro 300 kan kowane megawat-awa, abin da a shekarun baya yake yawo a kusa da yuro 20.

A wannan hunturun gwamnati ta hana ɗumama ofisoshinta fiye da digiri 19 a ma'aunin zafi, aka kashe fitilun da ke haska gine-ginen tarihi da daddare, aka dawo da wasu tashoshin kwal da aka riga aka ajiye. Gwamnati ta karɓe kamfanin Uniper, babban mai shigo da gas, don kada ya durƙushe, ta kuma ware yuro biliyan 200 na rage wa jama'a da masana'antu raɗaɗi. Dole a yaba mata a wuri guda: cikin watanni kaɗan ta kafa tashar sauke gas a Wilhelmshaven, jirgi mai mayar da gas ɗin da aka sanyaya ya zama ruwa zuwa iska ya tsaya a bakin gaɓa a watan Disamba, a ƙasar da aka san ta da jan ƙafa wajen takardun izini. Ba a ɗauke wa kowa wuta ba. Amma masana'antu sun ɗanɗana kuɗarsu. Kamfanin sinadarai na BASF ya sanar da rage ma'aikata 2,600 a farkon 2023, ya rufe ɗaya daga cikin injinan yin sinadarin taki a Ludwigshafen, domin a wurinsa gas ba abin ƙonawa kaɗai ba ne, shi ne ɗanyen kayan aikin.

To, a daidai lokacin da ya kamata Faransa ta yi wa maƙwabtanta rana, sai ita ma ta kwanta. A ƙarshen 2021 masu bincike sun gano tsagewa a jikin bututan ruwan sanyaya na gaggawa a tashar Civaux. Da yake zanen tashoshin kusan ɗaya ne, abin da ya sa gininsu ya yi sauri shi ya sa cutar ta zama ta dangi: dole aka bi sauran tukwane masu irin wannan ƙira ana dubawa. Haɗe da gyare-gyaren da annobar korona ta jinkirta, akwai lokacin da kusan rabin tukwanen ƙasar ke tsaye. Gyaran ma ba na kowane mai walda ba ne. Wuri ne mai tururin nukiliya, ma'aikaci yana da iyakar lokacin da zai yi a ciki kafin a canje shi, har sai da EDF ya ɗauko masu walda daga Amurka da Kanada. A 2022 Faransa ta sayi wuta daga waje fiye da wadda ta sayar, karo na farko cikin shekara 42, kuma Jamus na cikin waɗanda suka sayar mata. EDF ya yi asarar kusan yuro biliyan 18, gwamnati ta saye ragowar hannayen jarinsa.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ciwukan biyu. Na Faransa gyara ne da ke hannunta, kuma ta gyara: a 2024 ta sayar wa maƙwabta wutar da ba ta taɓa sayar da irinta ba, kusan terawat-awa 89. Na Jamus kuwa famfo ne da ke hannun wani. Ta rabu da Rasha, amma ta koma dogaro da bututan Noway da jiragen gas na Amurka, a farashin kasuwar duniya inda take gogayya da Sin da Japan. Haka nahiyar baki ɗaya: kason Rasha a gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi ya faɗo daga kusan kashi 45 a 2021 zuwa ƙasa da kashi 20 a 2024. Jiragen gas na Najeriya da ke tashi daga Bonny zuwa Sifaniya da Fotugal da Faransa suna cikin masu cike wannan giɓi.

Masu sukar Faransa kan ce ita ma ai ba ta da yuraniyom, tun 2001 ta rufe mahaƙarta ta ƙarshe. Gaskiya ne, kuma mutanen Arlit sun fi kowa sanin haka. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a can ƙarƙashin kamfanin Somaïr, ana kai wa Faransa, yayin da Nijar kanta ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya. A 2022 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyom ɗin da Tarayyar Turai ta saya daga Nijar ya fito. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 dangantaka ta yi tsami, aka ƙwace wa Orano, kamfanin yuraniyom na Faransa, lasisin mahaƙar Imouraren a 2024, sannan a 2025 gwamnatin soja ta sanar da mayar da Somaïr hannun ƙasa. Duk da haka ko fitila ɗaya ba ta mutu a Paris ba. Yuraniyom abu ne mai ɗan jiki da yawan ƙarfi, ana iya tara na shekaru a ɗakunan ajiya, akwai kuma masu sayarwa a Kazakistan da Kanada da Ostireliya da Uzbekistan, sannan kuɗinsa ɗan ƙaramin kaso ne a farashin wutar. Rumbunan gas kuwa, ko an cika su maƙil, na 'yan watanni ne. Inda nukiliya ke da rauni shi ne wajen tace makamashin, domin Rasha ce kan gaba a duniya a wannan sana'a. Faransa tana da matatarta a Tricastin, amma ƙasashen gabashin Turai masu tukwane ƙirar Rasha, irin su Hungary da Slobakiya, har yanzu ba su gama kuɓuta ba.

Ita ma hanyar Jamus tana da nata ubangidan: kusan duk faifan solar da ake kafawa a Turai daga Sin suke zuwa. Amma wannan dogaro ya fi sauƙi, don faifan da aka riga aka ɗora a kan rufi zai ci gaba da ba da wuta shekara ashirin da biyar ko an ɓata da wanda ya sayar da shi. Akwai kuma darasin Yukren, wanda ke yanka ta kowane gefe: sojojin Rasha sun mamaye tashar nukiliya ta Zaporizhzhia, mafi girma a Turai, tun Maris ɗin 2022, sun kuma yi ta ruwan makamai a kan manyan tashoshin wuta. Dubban ƙananan injinan iska da faifan sola da ke warwatse sun fi wuyar kashewa da makami ɗaya.

Inda Faransa ke shan kaye shi ne sabon gini. An fara tukunya ta uku a Flamanville a 2007, da alkawarin kammalawa a 2012 kan yuro biliyan 3.3. Ba ta haɗu da layin wuta ba sai Disambar 2024, kuɗin kuma ya haura biliyan 13, ban da ruwan bashi. Irin wannan ƙira a Olkiluoto ta ƙasar Finland an fara ta a 2005, ba ta kama aiki sosai ba sai 2023. Ta Hinkley Point a Ingila har yanzu ana fama, wa'adi da kuɗi suna ta gaba. Ƙasar da ta gina tukwane hamsin a jere ta yi shekaru ba ta gina komai ba, ƙwararrun suka tsufa suka yi ritaya, hannu ya manta. A Fabrairun 2022 Shugaba Emmanuel Macron ya sanar a garin Belfort cewa za a gina sababbi shida, amma ko ta farkonsu, a Penly, ba a sa ran ta ba da wuta kafin rabin ƙarshe na shekarun 2030. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sola da iska kuwa kullum araha suke ƙara yi, kuma Jamus ce ta biya kuɗin makarantar da duniya ta amfana da shi, domin tallafinta na farkon shekarun 2000 ne ya buɗe kasuwar da ta karya farashin faifai har suka iso kasuwanninmu. Gonar sola ana gama ta cikin shekara guda ko biyu. Zuwa ƙarshen 2024 Jamus ta kafa sola mai ƙarfin kusan gigawat 100. Har ɗan haya a bene yakan sayo faifai biyu, ya rataye su a jikin ƙarfen baranda, ya soka waya a soket kamar mai jona firji, mitarsa ta rage gudu.

Matsalar ita ce watannin Nuwamba da Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu, hazo ya rufe sama, iska kuma ta tsaya cik na kwanaki. Haka ta faru a ƙarshen 2024: ranar 12 ga Disamba farashin wuta a kasuwar sari ta Jamus ya doshi yuro 1,000 kan megawat-awa na 'yan sa'o'i. Da yake layukan wuta a haɗe suke, tsadar ta tsallaka kudancin Noway da Suwidin, 'yan siyasar can suka fito suna ɗora wa Berlin laifi. Batir yana iya riƙe wutar rana zuwa dare, amma bai kai ga riƙe ta mako guda ba, don haka Jamus na shirin gina sababbin tashoshin gas da za su zauna suna jiran irin waɗannan ranaku. Ga kuma dakon wutar: iska a arewa take, bakin teku, manyan masana'antu kuma a kudu. Layin SuedLink mai tsawon kusan kilomita 700 da zai haɗa su ya kamata a gama shi a 2022, amma ƙorafin mazauna ya sa aka koma binne shi a ƙasa, wa'adin ya koma 2028. Duk wannan yana cikin kuɗin da ba a gani a farashin faifai, kuma yana cikin dalilan da suka sa gidan Bajamushe ke biyan kusan santi 40 na yuro kan kilowat-awa, sama da na Bafaranshe sosai. Katsewar wutar da ta jefa Sifaniya da Fotugal cikin duhu ranar 28 ga Afrilun 2025, wadda binciken gwamnati ya danganta da gazawar daidaita ƙarfin wuta a kan layi, ta tuna wa kowa cewa layin ma yana bukatar jari kamar tashar.

Shi kansa yanayin bai bar kowa ba. Idan zafi ya tsananta, EDF kan rage aikin tashoshin da ke bakin kogunan Rhône da Garonne, saboda doka ta hana mayar da ruwa mai ɗumi fiye da kima cikin kogi. A bazarar 2022 ruwan kogin Rhine ya ja baya har jiragen dakon kwal na Jamus suka koma ɗaukar ƙasa da rabin kaya. Sharar nukiliya kuma tana nan: Finland ta haƙa mata ma'ajiya a cikin dutse a Onkalo, Faransa na shirya tata a Bure, Jamus kuwa ta rufe tashoshi amma har yau ba ta tsayar da inda za ta binne tata ba.

To wacce za a bi? Ya danganta da abin da ƙasa ke da shi a hannu yau. Wadda ke da tukwane masu lafiya, hukumar sa ido kuma ta amince da su, ta riƙe abinta. Ƙara wa tsohuwar tukunya shekara goma ko ashirin yana cikin hanyoyin samun wuta marar hayaƙi mafi araha, tunda an riga an biya kuɗin gini. Beljiyom ta gane haka: ta ƙara wa tukwanenta biyu, Doel 4 da Tihange 3, shekara goma, sannan a 2025 majalisarta ta soke dokar rufe nukiliya. Sifaniya, wadda ta tsara rufe nata daga 2027 zuwa 2035, ita ce ya fi kamata ta sake karanta labarin Jamus, duk da cewa ranarta ta fi ta Jamus ƙarfi nesa ba kusa ba.

Wadda ba ta da ko ɗaya kuma, kamar Italiya da ta ƙi nukiliya a ƙuri'ar raba-gardama har sau biyu, a 1987 da 2011, kada ta yi zaton za ta zama Faransa ta 1974. Wancan zamani ne na kamfani guda, da baitulmali a bayansa, da jama'ar da ba a cika tambayar ra'ayinsu ba. Abin da zai rage mata hayaƙi da kuɗin gas a cikin shekara goma masu zuwa shi ne sola da iska da batir da layukan da ke haɗa ta da maƙwabta, da sharaɗin kada gas ɗin cike gurbi ya fito daga hannu ɗaya.

Poland ce ta fi nuna yadda ake haɗa biyun. Ba ta taɓa amincewa da Rasha ba, don haka ta gina tashar sauke gas a Świnoujście tun kafin yaƙi, ta kuma shimfiɗa bututu daga Noway ta Denmark, wanda aka buɗe a Satumbar 2022, wata biyar bayan Gazprom ya yanke mata gas. Ta zaɓi kamfanin Westinghouse na Amurka ya gina mata tashar nukiliya ta farko a gaɓar Baltic, amma ta san ba za ta ga wutarta ba sai tsakiyar shekarun 2030 idan komai ya tafi daidai. Kafin nan faifan sola sun haura gigawat 20, ana kafa injinan iska a cikin teku, kason kwal a wutarta kuma ya sauko daga sama da kashi 80 shekara goma da suka wuce zuwa ƙasa da kashi 60 a 2024. Tashar Bełchatów, wadda ta fi kowace tashar kwal girma a Tarayyar Turai, an tsara kashe injinanta ɗaya bayan ɗaya daga 2030 zuwa 2036, kuma ko za a cika wannan alkawari ya rataya ne a kan ko tashar gaɓar Baltic za ta kauce wa abin da ya sami Flamanville.